Rumbu A Kulle, Ba Hatsi Ciki

Manomin da ya san aikinsa ba ya liƙe bakin rumbu sai ya ga damin ƙarshe ya shiga da idonsa. Saboda haka in bazara ta yi tsanani ya hau ya buɗe, ya san abin da zai tarar. To, a zamanin nan an sami wani irin rumbu wanda mai shi ba ya iya leƙa cikinsa da ido, sai dai abin da aka gaya masa. Wannan shi ne rumbun bayanai na kwamfuta, inda makarantu ke ajiye sunayen yara da sakamakon jarrabawarsu, asibitoci ke ajiye labarin marasa lafiya, bankuna kuma lissafin kuɗin jama'a. Kowa ya sha jin gargaɗin nan cewa a riƙa yin kwafin ajiya, watau a juye abin da ke cikin rumbun a kai wani wuri dabam saboda ko-ta-kwana. Gargaɗi ne mai kyau ƙwarai. Amma akwai wata magana a bayansa wadda ba a cika faɗi ba. Manhajar da ke yin kwafin nan tana iya tashi kowane dare, ta bar fayil mai suna mai kyau da kwanan wata daidai, alhali kuwa rabin kayan ne ya shiga, wani lokaci ma ko ƙwaya ɗaya babu.

Ni kaina sai da na gani tukuna na yarda. Na je duba wata makaranta a yankinmu, akawun ofis, mutum mai tsabtar aiki, ya buɗe mini inda a ke tara kwafin. Ga fayiloli a jere, kowane dare da nasa, ba ranar da aka tsallake. Har na yaba masa, sai zuciyata ta ce in tambayi girman kowane ɗaya. Da ya danna, sai muka ga na makonnin ƙarshe duka girmansu sifiri ne. Allah ya taimake su babbar kwamfutar tana nan lafiya, ba a rasa kome ba. Amma tun ran nan na shiga binciken yadda irin wannan abu ke aukuwa, kuma abin da na tarar ya shafi duk wanda ke riƙe da amanar takardun jama'a, ko da bai taɓa rubuta manhaja ba.

Hanyar Da Rubutu Ke Bi

Mai karatu zai zaci in manhaja ta ce a rubuta abu a faifai, nan take ya ke sauka a kan faifan. Ba haka abin ya ke ba. Ka ƙaddara magatakarda ne ya ke so ya aika da takardu zuwa ma'aji. Ba ya tashi da kowace takarda guda, sai ya riƙa jefa su cikin kwando a gefen teburinsa, in kwandon ya cika ya miƙa wa masinja. Masinja kuma ya ce ya karɓa, ya ajiye a zaure, sai ya ga hanya ta yi sauƙi sa'an nan ya kai. Haka kwamfuta ke yi, don faifai yana da nawa in aka gwada shi da ƙwaƙwalwar na'ura. Manhaja na da kwandonta, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, irin su Linux, ita ce masinja mai zaure, faifan kuwa shi ne ma'aji. A kowane zango takarda na iya salwanta, kuma kowane zango da lokacin da ya ke ba da labarin salwantar.

Mu fara da miƙawa. Umurnin da manhaja ke ba Linux da 'yan'uwansa na gidan Unix ana kiransa write. Awon da a ke yi wa bayani shi ne bayit, kusan harafi guda ke nan. Manhaja ta kan ce, ga bayit 8192, a rubuta. Amsar da za a mayar mata lamba ce. Tana iya zama 8192, watau an karɓe duka. Tana iya zama -1, watau an ƙi, tare da wata lamba mai faɗin dalili. A Linux 28 na nufin faifai ya cika, 5 na nufin na'urar ajiya ta kasa, 27 kuma fayil ya wuce iyakar girman da aka yarda. Amma akwai amsa ta uku mai yaudara, a ce an karɓi 3000 kaɗai. Wannan ba a lissafa shi kuskure ba, gama ƙa'idar Unix ta yarda da shi. Wajibin manhaja ne ta lura, ta sake miƙa sauran 5192. Wadda ta duba ko an ce -1 kawai, ta ga ba a ce ba, ta wuce, to ta bar rami a tsakiyar fayil, ba kuwa wanda zai ji ƙara. Masu rubuta PostgreSQL, ɗaya daga cikin manyan manhajojin rumbun bayanai na duniya, suna da wata al'ada mai ma'ana a nan. In aka karɓi ƙasa da abin da suka miƙa, ba a kuwa faɗi dalili ba, sai su ɗauka faifai ne ya cika, su ba da rahoto a kan haka.

Ba kowace ƙi ce a ke amsa wa iri ɗaya ba. In an katse umurnin ne saboda wani saƙo ya shigo wa manhajar, sai a sake gwadawa, ba wata illa. In faifai ya cika, sake gwadawa sau dubu ba zai buɗe wuri ba. A nan abin da ya kamata shi ne a tsaya cik, a faɗi sunan fayil da dalili da baƙar magana wadda akawu zai gane, a fita da alamar kasawa. Kowace manhaja in ta gama aiki ta kan bar lamba guda a bayanta, sifiri in an yi nasara, wata lamba dabam in an kasa. Duk abin da zai biyo baya, ko aika saƙo ko share tsohon kwafi, da wannan lamba ya ke aiki. Manhajar da ta kasa rubutu sa'an nan ta fita da sifiri ta yi shaidar zur.

Sai maganar kwando, wadda ita ce ta fi kama ƙwararru. Tun da manhaja na tara rubutu a kwandonta kafin ta miƙa, sa'ad da ta jefa layi na ƙarshe ba abin da ya tafi ko'ina tukuna. Ragowar ba ta fita sai lokacin rufe fayil. Ashe ke nan rufewa ma rubutu ce, tana kuma iya kasawa. Mutane da yawa sun ɗauki rufe fayil tamkar rufe littafi bayan an gama karatu, abin da ba a tambayar ko ya yiwu. Littafin bayanin Linux kansa ya ja kunne a kan wannan, ya kira shi kuskure mai yawan aukuwa mai kuma nauyi, musamman in faifan yana can cikin wata na'ura a ke aika masa ta waya bisa tsarin NFS, gama a can labarin cikar faifai sau da yawa ba ya isowa sai wajen rufewa. Abin baƙin ciki, kwafin ajiya shi ne abin da aka fi aikawa zuwa irin wannan faifai na nesa.

Kada a zaci ƙananan masu koyo kaɗai ke faɗawa wannan rami. PostgreSQL ya samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, kuma manyan masana ne ke kula da shi. Duk da haka sai a shekarar 2014 Bruce Momjian, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ya shigar da gyara cikin pg_dump da pg_restore, watau manhajojin yin kwafi da mayar da shi, domin a da akwai kurakuran karatu da rubutu waɗanda su ke wucewa ba a kula ba. Sai kuma a fitowa ta 10, cikin Oktoba 2017, pg_dump ya fara tilasta wa Linux ya sauke fayil ɗin kan faifai sosai kafin ya ce ya gama. Kafin nan, in wuta ta ɗauke jim kaɗan bayan an ce an gama, kwafin na iya kasancewa a zaure, ya tafi tare da wutar. Mu da mu ke zaune inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan magana tamu ce fiye da ta kowa.

Guntun kwafi ya fi fayil mai sifiri haɗari, domin sifiri ko yaro ya gani ya san ba kome. Guntu kuwa yana da nauyi, in ka buɗe farkonsa ka ga sunaye da lambobi tsaf. Manhajojin nan su kan juye jadawalin bayanai ɗaya bayan ɗaya, yawanci bisa jerin haruffan sunayensu. In jadawalan makaranta su ne ajujuwa, malamai da sakamako, faifai ya cika a tsakiya, to ajujuwa sun tsira, sakamako ne ya tafi, shi da aka fi bukata. Saboda haka pg_dump da mysqldump, takwaransa na MySQL, su kan sa wani layi a can ƙarshen fayil mai nuna an kammala. Wanda ya duba wutsiyar fayil bai ga layin nan ba, ya san abin da ke hannunsa.

Masinjan Da Ke Faɗin Gaskiya Sau Ɗaya

Umurnin da a ke tilasta wa masinja ya kwashe abin da ke zaure ya kai ma'aji, ya dawo da shaida, sunansa fsync. Shekaru da yawa masu gina rumbunan bayanai sun dogara da shi bisa wata fahimta mai kama da hankali. Suna ganin in fsync ya ce ya kasa, to kayan na nan a zaure, in an jima a sake aikensa, in ya dawo ya ce an yi, shi ke nan. Haka PostgreSQL ke yi a da. A watan Maris 2018 wani masani mai suna Craig Ringer, bayan ya bi sawun bayanan da suka lalace a wata na'ura, ya nuna cewa Linux ba haka ya ke yi ba. In rubutu ya kasa sauka, Linux ya kan faɗa sau ɗaya, sa'an nan ya sa wa shafukan nan alamar an gama da su. In aka sake kiran fsync, sai ya duba ya ga ba sauran abin da ke jiran kaiwa, ya ce lafiya lau. Bai yi ƙarya ba bisa ga ƙa'idarsa, amma kayan ba su kai ba.

A duba abin da wannan ke haifarwa. PostgreSQL na riƙe da wani littafin tsaro, inda ya ke rubuta kowace canji kafin ya taɓa ainihin jadawali, domin in na'ura ta mutu a sake bin littafin a gyara. Da zarar fsync ya ce kome ya sauka, sai a ga tsofaffin shafukan littafin ba su da sauran amfani, a yar da su. Ke nan amsar nan ta biyu, mai daɗin ji, ita ce ke sa a jefar da magani alhali cutar na nan. An yi muhawara mai zafi tsakanin masu Linux da masu PostgreSQL a kan wa ke da laifi, kowa da hujjarsa. Masu Linux suka ce in mutum ya zare filashi ana cikin rubutu, ba za a cika ƙwaƙwalwar na'ura da kayan da ba su da wurin zuwa har abada ba. Wannan ma magana ce.

Maganin da aka tsayar a ƙarshe yana da ban mamaki ga wanda bai saba ba. Daga fitowar da aka yi a watan Fabrairu 2019, in fsync ya kasa ko sau ɗaya, PostgreSQL ya kan kashe kansa nan take, ya tashi daga farko, ya sake bin littafin tsaro. Da farko na ga kamar wauta ce manhaja ta faɗi da gangan ana tsakiyar aiki. Da na yi tunani sai na ga ita ce hanya mai aminci, gama bayan kasawar farko ba sauran wata amsa da za a gaskata. A 2020 wasu masana na Jami'ar Wisconsin da ke Madison suka jarraba tsare-tsaren faifai uku na Linux, ext4 da XFS da Btrfs, tare da manhajoji biyar, Redis, LMDB, LevelDB, SQLite da PostgreSQL. Suka tarar ba ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya kuɓuta sarai daga illar kasawar fsync. Darasin ga mai yin kwafin ajiya ya fi sauƙi, tun da asalin bayanan na nan a rumbu. In fsync ya kasa, kwafin nan ya mutu, a fara sabo daga tushe, in da hali a wani faifai.

Manhaja Ta Yi Kuka, Wa Ya Ji?

A ce manhajar ta yi duk abin da ya wajaba a kanta. Har yanzu da saura, domin ba ita kaɗai ke aiki ba. Yawanci a kan ɗaura ta da wata, a ce pg_dump ya zuba abin da ya juye cikin gzip, wanda ke matse fayil ya ƙanƙance, shi kuma ya rubuta a faifai. Bisa al'adar Unix, in an jera manhajoji haka, lambar da a ke ɗauka ita ce ta wanda ke ƙarshen layi. In pg_dump ya faɗi a tsakiya, gzip ba ruwansa, zai matse ɗan abin da ya samu, ya rufe fayil da kyau, ya fita da sifiri. In ma ka sa gzip ya binciki fayil ɗin daga baya zai ce ba aibu, domin matsewar lafiya ta ke, abin da aka matse ne guntu. Akwai umurni guda mai suna pipefail wanda ke sa kasawar kowane ɗaya cikin jerin ta fito fili. Layi ɗaya ne tak, amma sai an sa shi da hannu.

Wani tarko kuma shi ne suna. In kowane dare a kan fayil ɗaya a ke rubutawa, to da buɗe shi a ke share abin da ke ciki, tun kafin a juye ko harafi. Na jiya mai kyau ya tafi, na yau bai zo ba tukuna. Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce a rubuta da sunan wucin gadi, a rufe, a kira fsync, a tabbata kome ya yi daidai, sa'an nan a sauya masa suna zuwa na gaskiya, gama sauya suna a cikin faifai ɗaya abu ne da ke aukuwa gaba ɗaya ko ya ƙi gaba ɗaya. Haka nan share tsofaffi. Ofisoshi da yawa sun tsara a ajiye na kwana bakwai, a share wanda ya wuce. In sharewar ba ta jiran labarin nasarar sabon, lissafin a bayyane ya ke. Dare bakwai na fayil marar kome sun isa su cinye duk na kirki.

Labarin kamfanin GitLab, wanda ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, ya cancanci a karanta wa kowane mai kula da kwamfutar ofis. A daren 31 ga Janairu 2017 wani injiniyansu, yana ƙoƙarin gyara na'ura ta biyu, ya ba da umurnin sharewa a kan babbar na'urar bisa kuskure. Kafin ya tsayar, kusan gigabayit 300 sun tafi. Suka juya ga kwafin pg_dump da a ke yi kullum, suka tarar ma'ajin wayam. Dalili shi ne rumbun na fitowa ta 9.6 ne, manhajar kwafin da ke tashi kuwa ta 9.2 ce, ita kuwa ba ta yarda ta taɓa rumbun da fitowarsa ta fi tata sabunta. Ta ƙi, ta kuma faɗa. Ana aika rahoton kasawar ta imel, amma na'urar da ke karɓar wasiƙun tana mayar da su saboda ba su ɗauke da irin hatimin da tsarin DMARC ke nema. Ba wanda ya taɓa ganinsu. Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniya ya ɗauka da hannu awa shida kafin haɗarin don wata bukata dabam. Mayar da shi ya ci kimanin awa 18, kuma an yi asarar ayyuka wajen 5,000, sharhi wajen 5,000, da rajistar mutane wajen 700. A gaskiya wannan ba kasawar rubutu a faifai ba ce, amma na kawo shi domin ya nuna rabin aikin da ya rage bayan manhaja ta gane kuskure. Sun kuwa cancanci yabo, gama su da kansu suka bayyana wa duniya kome dalla-dalla.

Na kamfanin Pixar ya fi kusa da maganarmu. A 1998, ana cikin shirya fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba da umurnin sharewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya ɓace. Bisa ga labarin da waɗanda suka yi aikin suka bayar, kwafin da a ke yi a kan kaset ya riga ya kai iyakar gigabayit 4, ya daina ɗaukar kaya yadda ya kamata, fayil ɗin da a ke rubuta rahoton kuskure kuma yana kan wurin da ya cika, saboda haka shi ma girmansa sifiri. Mai gadi da ɓarawo ke nan an kulle su ɗaki ɗaya. Wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu ta ke aiki daga gida, ita ce aka sami kwafi a kwamfutarta. Iyakar gigabayit 4 ɗin nan kuwa ba ta zama tarihi ba. Filashi da yawa da a ke sayarwa an tsara su bisa FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4 cif, ko da filashin na da sauran wuri mai yawa. Rumbun makaranta na girma kowace shekara, wata rana zai taka wannan layi.

Abin da na ɗauka daga labaran nan biyu shi ne kada a mai da shiru alamar lafiya. Tsarin da ke magana sai in an kasa, ranar da bakinsa ya toshe ba ka da hanyar sani. Gara a juya abin. Kowace safiya a sami saƙo mai cewa an gama, ga girman fayil, ga na jiya don gwadawa, ran da saƙon bai zo ba a tashi a bincika. Rahoton kuma a aika shi waje, kada a ajiye shi kan faifan da a ke tsoron cikarsa.

Wanda ke rubuta irin wannan manhaja, ko ya ke karɓarta daga hannun ɗan kwangila, yana da hanyar gwaji mai araha. A Linux akwai wani fayil na musamman, /dev/full, wanda duk abin da aka rubuta masa sai ya amsa da lamba 28, kamar faifai ya cika. A umurci manhajar ta rubuta kwafinta can. In ta yi ƙara ta fita da alamar kasawa, madalla. In ta ce ta gama lafiya, kada a biya kuɗin tukuna. Minti biyu ya isa, kuma ina ganin ya kamata a sa shi cikin sharuɗɗan karɓar aiki kamar yadda a ke gwada rufin aji da ruwan farko.

Akwai kuma inda duk wannan bincike ba ya kaiwa. Jabun filashi na yawo a kasuwa, an rubuta masa girman da ba shi da shi, yana karɓar kome yana cewa an rubuta, alhali sabo na taka tsoho. A nan write da fsync duka za su ba da amsa mai daɗi. Manhajoji irin su F3 da H2testw an yi su ne don tona wannan, suna cika filashin da rubutu sa'an nan su karanto shi. PostgreSQL ma daga fitowa ta 13, a Satumba 2020, ya kan haɗa takardar lissafin fayiloli da hatimin kowanne ga kwafin da pg_basebackup ya ɗauka, da wata manhaja pg_verifybackup mai gwada su. Amma masu ita da kansu sun ce ba ta ɗauke wa mutum gwajin mayarwa ba. Hatimi na shaida cewa abin da aka ajiye bai sāke ba, ba ya shaida cewa abin da aka ajiye ɗin shi ne a ke bukata.

Saboda haka a kwalejinmu ta horon malamai na roƙi a riƙa yin abu guda a ƙarshen kowane zango. A ɗauko kwafin daren jiya daga inda ya ke, a mayar da shi kan wata tsohuwar kwamfuta da ba a aiki da ita, a sa manhajar mayarwa ta tsaya a kuskuren farko, domin psql, in ba a hana shi ba, ya kan tsallake kuskure ya ci gaba. Sa'an nan a ƙirga layukan kowane jadawali a gwada da na babban rumbu, a buɗe rajistar takarda a zaɓi sunayen ɗalibai kaɗan, har da wanda aka ɗauka a makon nan, a nemo makinsu. Aikin rabin yini ne, wanda ya yi kuma ya sa hannu a littafi da kwanan wata.

Makarantar can da na ambata, da aka bincika sai aka ga hotunan bikin ba da kyaututtuka ne wani ya zuba a faifan ajiya har ya cika. Manhajar kwafin ta gane, ta kuma aika rahoto kowane dare, zuwa akwatin imel na wani malami wanda aka yi wa canjin wurin aiki tun shekarar da ta wuce. Yanzu saƙon na zuwa ga shugaban makarantar da akawu tare, an kuma saya wa hotuna nasu faifan.